Fayilolin da Ba Sa Buɗewa

A gidanmu komai da sunan Yaya yake tafiya. Mitar wuta sunansa, takardar hayar shago sunansa, ragon layya ma in ya shigo gida cewa ake ragon Yaya, ko da ni na je kasuwa na yi ciniki na sa aka kawo shi. Haka iyayenmu suka zo da abin daga Nijar, haka muka buɗe ido muka tarar a Aboabo, unguwarmu a Kumasi: babban ɗa shi ne fuskar gida, ba a tsallake shi. Ban taɓa jin haushin tsarin ba, don ni ba suna nake nema ba. Sai da ya bi ni har cikin kwamfuta na san ciwonsa.

Baba mai aikin riga ne. Tun yana saurayi ya zo Kumasi da allura da zare, ya zauna a wata rumfa yana yi wa fatake aikin babbar riga. Ba ya kwafar zanen kowa. Takardar buhun siminti yake yagowa, ya goge ta da tafin hannu, ya zana nasa da fensir. Aska ne, tambari ne, cin wuya ne, duk irin waɗanda kowa ya sani, amma da wata lanƙwasa tasa wadda in ka hango ta a sahun sallar Juma'a ba sai an gaya maka hannun wa ba ne. Takardun nan yana tara su a wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin teburin yanka.

Da idonsa ya fara rauni, muka kawo injin surfani mai aiki da kwamfuta. Ni ce auta, ni ce kuma na yi makarantar kwamfuta bayan sakandare, saboda haka aikin ya faɗo kaina. Yaya ba ya zaman shago. Aikinsa jama'a ne. Suna, ɗaurin aure, jana'iza, tarbar alhazai, duk inda mutane suka taru a zango yana can da wayarsa a sama yana ɗaukar bidiyo, ya tura wa dangi a Nijar. Ba zan ci haƙƙinsa ba, daga wannan yawon nasa yawancin masu kawo mana ɗinki suke fitowa.

Mutane suna zaton hoto ake nuna wa injin ya ɗinka. Ina! Sai na shigar da takardar Baba cikin kwamfuta, sannan na bi layin ɗigo-ɗigo ina gaya wa injin inda allura za ta shiga, inda za ta fita, inda zare zai yi kauri, inda zai kwanta. Zane ɗaya yana iya cinye mini kwanaki. Abin da ke fitowa kuma fayil ne guda, hoton takardar da aikin duk a dunƙule a ciki, wanda kwamfutar shago kaɗai ke gane shi. In ka kalle shi a waya farin akwati kawai za ka gani, ka danna ka danna ya ƙi buɗewa.

Baba yakan jawo kujerarsa kusa da ni, hancinsa kamar zai taɓa gilashi, yana gyara mini.

"Auta, wagga lanƙwasa ta miƙe da yawa. Sassauta ta. Riga ce, ba titin mota ba."

In na sassauta kuma ya ce na kashe ta. Mun sha faɗa ni da shi a gaban kwamfutar nan. Shi ya yi fushi ya tafi masallaci tun ba a kira salla ba, ni na yi fushi na ƙi taɓa shinkafa da waken da ya aiko mini daga hanya. Shekaru muka yi a haka har muka kwashe duk abin da ke cikin akwatin.

Na ƙarshen da ya zana, da gawayi ya yi shi, don a lokacin fensir ya daina ganuwa gare shi. Babban zane ne, ya cika gaba, ya hau kafaɗa, ya sauka baya. Ban taɓa ganin ya yi irinsa ba. Ranar da muka gama shigar da shi, ya leƙa ƙofa ya tabbatar ba kowa, sannan ya rage murya.

"Wanga na Yayanki ne. Kada ki ɗora shi bisa rigar kowa, kada kuma ki gwada mishi. Ranar da Allah ya kira shi Makka, ki yi mishi rigar dawowa da shi. In ina nan, to. In ba ni nan, hannuna ya tarbe shi."

Na ce to. Ko a kan ƙyalle ban gwada shi ba, don ƙyallen shagonmu ba ya ɓoyuwa, da shi Yaya yake goge takalmi.

Da can a filas nake ajiye kwafin aiki. Amma kwamfutar shago a zango ba taka ba ce kai kaɗai. Wannan ya zo a tura masa wa'azi, wancan a buga masa katin biki, maƙwabciya ta kawo filas ɗinta a zuba mata fim, kuma ba ka isa ka ce a'a ba, sai a ce ka fara ɗaga kai. Da haka cuta ta shiga ta cinye mini filas, Allah ya taimaka na asalin suna kan kwamfuta. Wani mai irin injinmu a Dichemso ya ba ni shawarar in buɗe ma'ajiya a intanet, wadda kwamfuta za ta riƙa tura kwafin komai can da kanta. Ko shago ya ƙone, in ji shi, kayanka suna nan. Na yi wa Baba bayani, ya gyaɗa kai.

"Rumbu ne ke nan," ya ce, "amma a garin wasu."

Tun daga ranar rumbu muke kiransa. Da na zo buɗewa, aka nemi lambar waya wadda za a riƙa tura wa lambar sirri duk lokacin da za a shiga. Na fara danna tawa. Baba ya tambaya ta wa nake sawa, na ce tawa.

"Taki? Yayanki ya mutu ne?"

"Baba, ni ce mai aiki da shi. Yaya ko kunna kwamfutar bai iya ba."

"Mitar wuta shi ya iya ƙera ta? Sa tashi."

Na goge tawa na sa tasa. Da yamma na karɓi wayar Yaya na haɗa ta da rumbun don saƙon ya riƙa shigowa, na mayar masa. Shi ke nan abin da na yi, kuma har yau in na tuna yadda na yi shi cikin sauƙi sai in ji haushin kaina.

Ba a yi nisa ba na fara ganin baƙi a rumbu. Ga raguna, ga amare, ga wani dattijo yana jawabi ba a ganin komai nasa sai hula. Ashe wayar Yaya duk abin da ya ɗauka can take turawa. Na same shi da safe yana shan koko a ƙofar gida.

"Yaya, hotunanka suna shiga rumbun shago."

"To ni da shago ba gida ɗaya muke ba? Auta, ke kina da bincike da yawa paa."

Na ce ya ba ni wayar in kashe abin. Ya ce a'a, wani ya gaya masa ko wayar ta ɓace hotunan suna nan, shi ma yana son wannan albarka. Me zan ce? Rumbun da sunansa yake. Na ƙara wa rumbun girma na ƙyale shi.

Baba ya rasu a shekarar da ta biyo baya. Kujerarsa muka bar ta inda take, kusa da kwamfuta, ba wanda ke zama a kai.

Ruwan da ya shiga mana shago da rana tsaka ya sauka, muna gidan suna. Duk wanda ya zauna a Aboabo ya san yadda kwata take yi in ta cika, ba ta sallama. Kafin mu ratso mu iso, ruwa ya kai gwiwa a ciki, baƙi, da leda da ɓawon lemo suna yawo a kai. Injin yana kan dakali mai tudu, shi ya sha, sai dai shanya da gyara. Kwamfuta kuwa a ƙasa take, ƙarƙashin tebur. Akwatin ƙarfen Baba na buɗe shi na tarar da kunu. Na sa hannu na ɗago, takardun suna zubewa ta tsakanin yatsuna.

Mma, mahaifiyarmu, ta tsaya a bakin ƙofa tana kuka a kan akwatin nan fiye da yadda ta yi a kan shaddojin mutane da suka jiƙe. Na rungume ta na ce, "Mma, ki daina. Duk suna rumbu, ko ɗaya bai ɓace ba." Masu zuwa jaje ma haka na riƙa gaya musu, har da murmushi. Na yi ta wa'azin rumbun nan a unguwa kamar ni na gina shi. Mai shagon takalma na kusa da mu har cewa ya yi in na huce in buɗe masa nasa.

Mai gyara ya duba tsohuwar kwamfutar ya ce cikinta ya mutu, ko addu'a ba za ta tashe shi ba. Sabuwa kuma ba kowace za ta ɗauki manhajar injin ba. Mai sayarwa a Adum ya ce akwai irinta a kwantena, tana hanya daga tashar jirgin ruwa ta Tema. Kullum tana hanya. Na je ya ce gobe, na koma ya ce kwastan, na sake komawa ya ce an yi rasuwa a gidan direba. Muna lallaɓawa da 'yan zanen da suka rage a ƙwaƙwalwar injin, kowa ya zo su dai nake nuna masa. Ban damu in leƙa rumbun ba. Sai da wayar Yaya ake shiga, wayar Yaya kuwa a lokacin ko matarsa ba ta ganinta. Babbar Sallah ta wuce, alhazai suna sauka, bukukuwa sun yi layi, shi kuma yana bin su ɗaya bayan ɗaya.

Ranar da kwamfuta ta iso na haɗa komai, na aika a kira shi. Ya zo daga wani ɗaurin aure yana ƙamshin turare, ya karanto mini lambar sirri yana dariya, wai yau ya zama injiniya. Rumbu ya buɗe. Bidiyo, bidiyo, bidiyo. Na gangara ƙasa, na hau sama. Na rubuta sunan jakar shago a wurin nema. Babu. Na sake rubutawa a hankali, ina cewa yatsana ne ya kuskure.

"Yaya, ina jakar shago?"

"Wace jaka?"

"Wadda zanen Baba ke ciki."

Ya sunkuyo ya kalli gilashin, sai fuskarsa ta washe irin ta mutumin da ya gane tambaya.

"Ah, waɗannan da ba sa buɗewa? Wayar ce ta dame ni, wuri ya cika, wuri ya cika, ga alhazai suna sauka. Na kai wa mai gyara a Race Course, ya nuna mini wata jaka cike da fararen abubuwa rututu. Na danna wannan bai buɗe ba, na danna wancan bai buɗe ba, ko ɗaya kraa. Na ce ai ruwa ne ya lalata su tare da kwamfuta. Na ce ya share."

"Ruwa ya lalata su."

"E mana. Ba ruwa ya shiga ba?"

"Ruwan Aboabo ya hau intanet, Yaya?"

Akwai mutane a shagon, wani dattijo yana jiran a auna shi. Na ji maganganu sun taso mini, irin waɗanda in suka fita ba sa komawa. Yayana ne, a gaban baƙi, kuma ni mace ce ƙanwarsa. Na tashi na zagaya bayan shago, na kunna famfo na tsaya ina kallon ruwa yana zuba a ƙafata. Na ji shi a ciki yana ce wa dattijon, "Ƙanwata ce, tana da zuciya, yanzu za ta huce."

Ban huce ba. Washegari na hau mota zuwa Race Course, na bi kwatance tsakanin manyan motoci da masu tallan doya har na samu mai gyaran a ƙarƙashin wata lema, tebur cike da gawarwakin waya. Mutumin Asante ne, babba, yana jin Hausar zango, kuma duk mai mayafi a wurinsa Hajiya ce.

"Hajiya, mepa wo kyɛw, don Allah, ni na tambaya shi. Na ce Masa, ka tabbata? Ya ce waya nasa ne, kaya nasa ne. Ni zan yi gardama da mai waya?"

"To kwandon shara fa? Abin da aka share ai can yake zama kafin ya tafi."

"Na zubar. In ba ka zubar da bola ba, wuri ba ya dawowa." Ya ɗan sosa kai. "Kuma abin ma bai ba da wuri ba, kakra, ɗan kaɗan kawai. Sai da muka share wasu bidiyo again kafin waya ya yi shiru."

Wannan ce ta fi ƙona mini rai. Aikin hannun Baba na tsawon rayuwarsa, da shekarun da na yi ina lanƙwasa baya a kansa, an share su, kuma wurin da suka bari bai isa ya ɗauki rawar biki ɗaya ba. Na tsaya a gaban teburin nan ban san wa zan zaga ba. Mutumin bai yi ƙarya ba, ya tambaya. Har kujera ya miƙo mini.

Na rubuta wa kamfanin rumbun. Na yi musu bayani tiryan-tiryan, na ce mahaifina ne, na ce ya rasu, na ce babu wani kwafi a duniya. Amsar farko na'ura ce ta turo, tana gode mini. Ta biyu ta ce sai mai rumbun da kansa ya yi magana daga lambarsa, saboda haka na koma bin Yaya gidan biki ina roƙon waya. Ta ƙarshe mutum ne ya rubuta, cikin ladabi ƙwarai. Ya ce mai rumbu ya share, ya kuma tabbatar da sharewar, kuma lokacin da za su iya dawo da abin ya wuce. A wurinsu ba a yi ɓarna ba, mai kaya ne ya zubar da kayansa. Suka ƙare da tambayata ko na gamsu da taimakon da suka yi mini.

A gida na kai ƙara wurin Mma, ko zan samu mai taya ni fushi.

"Ki yi haƙuri, Auta. Yayanki ne, bai sani ba."

"Mma, da lambata ce a kai, da rashin saninsa bai taɓa komai ba."

"Babanki ne ya ce a sa tasa."

Nan magana ta mutu. Ba a jayayya da wanda ke kabari, ba a ɗaga wa babba murya, kamfani kuma yana garin wasu. Haushin nan ya rasa inda zai sauka, sai ya zauna a cikina. Na buɗe sabon rumbu da lambata, ban shawarci kowa ba. Amma me zan zuba a ciki?

Dabara ɗaya ta rage, ita ce bin rigunan da Baba ya yi wa mutane. A nan Yaya ya yi rawar gani, dole in faɗa. Ya san wa ke da wace riga, ya san wadda aka sa a wane biki, bidiyon nasa ma sun yi rana. Ya riƙa ɗaukata a babur muna shiga gida-gida, daga Aboabo har Dichemso, muna aron riguna. Wasu suka ba mu da hannu biyu. Wata mata ta kalle ni sama da ƙasa tana son sanin abin da zan yi da rigar mijinta. Wasu masu rigunan sun rasu, an yi sadaka da kayansu, sun tafi ƙauyukan da ba mu san hanyarsu ba. Wasu asu ya rigaya mu. Waɗanda na samu na shimfiɗa su a tebur na bi zaren da ido, na sake gina su daga tushe, ba mai ce mini na miƙe da yawa.

Duk rigar da na gama, Yaya sai ya tafa hannu.

"Kin gani? Duk za su dawo. Ke dai kina son tashin hankali."

Ni kuwa na san akwai ɗaya da ba ya jikin rigar kowa. Na gwada zana shi daga ka. Na sayi gawayi, na yago takardar siminti, na rufe shago bayan la'asar na zauna. Gaban ina tuna shi kaɗan-kaɗan. Amma duk abin da na zana, in na ja baya na kalla, hannuna nake gani, ba na Baba ba. Yana da tsabta, yana da daidai, kuma ba shi da rai. Na yi ta yi ina yagawa har na haƙura. Na yanke a raina cewa ba zan taɓa gaya wa Yaya ba. Abin da bai san yana da shi ba, ba zai yi kukan rashinsa ba.

Da shekara ta zagayo, Allah ya kira shi Makka. Gida ya cika da murna, Mma ta yi ta guɗa har muryarta ta dushe. Ana saura kwanaki su tashi ya shigo shago da farar shadda a hammata, mai tsada, irin wadda ke ƙara in an taɓa ta. Ya shimfiɗa ta a teburin yanka yana shafawa.

"Auta, rigar dawowa. Ki zaɓa mini wanda ya fi kyau cikin na Baba, wanda in na sauka zango zai san ɗan wa ya dawo."

Na ce to. Na ɗauko tef ina auna kafaɗarsa. Da ya tsaya a nan da mun rabu lafiya. Sai ya yi ajiyar zuciya, ya kalli kujerar da ba a zama a kai.

"Allah ya jiƙan tsoho. Da yana nan da ya zana mini nawa ni kaɗai."

"Ya zana."

Ban san lokacin da ta fita ba. Ya juyo, tef ɗin yana rataye a kafaɗarsa.

"Me kika ce?"

"Ya zana maka. Da gawayi, idonsa ya kusa rufewa. Ya ce kada in nuna maka sai ranar da za ka dawo daga Makka. Ya ce in ba ya nan, hannunsa ya tarbe ka."

"Ina yake?"

"Yana cikin waɗanda ba sa buɗewa."

Na daɗe ina riƙe da haushin nan, na ɗauka ranar da na sauke masa shi zan ji sanyi. Ban ji ba. Yaya ya ja baya har ƙafarsa ta bugi kujerar Baba, ya zauna a kai bai ma san ya zauna ba. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, ya ciro ta, ya kalle ta kamar bai taɓa ganinta ba, ya kife ta a tebur. Ta gaji ta yi shiru.

"Yaya kamanninsa yake?" ya ce. Muryar ba tasa ba ce.

Na ɗora yatsa a kan shaddar na fara nuna masa. Daga nan ya taso, ya zagaya wuya, ya yi wani tambari a ƙirji, ya hau kafaɗa. A kafaɗar yatsana ya tsaya. Na san ya sauka baya, na san da kyau ya sauka, amma ta ina ya bi, na nema na rasa. Muka tsaya mu biyu muna kallon inda yatsan ya tsaya.

"In sa maka wani?" na ce. "Akwai masu kyau cikin waɗanda muka dawo da su."

Ya girgiza kai.

"Ki ɗinka ta haka nan. Kada ki sa mata komai."

Haka na ɗinka ta. Ban taɓa yin aikin da ya fi shi sauƙi ba, ban kuma taɓa yin wanda ya fi shi cin raina ba.

Ranar da suka sauka, layinmu ya cika maƙil. Ya fito daga mota cikin rigar nan fara fat, gabanta babu ko layin zare ɗaya. Mutane suna ta rungumarsa, wayoyi a sama ko'ina, tasa kuwa ban gan ta ba. Wani tsohon abokin Baba, wanda shi ma ido ya gaza masa, ya jawo shi jikinsa, ya ɗora tafin hannu a ƙirjinsa yana lalube, ya lalubi hagu ya lalubi dama.

"Alhaji, ɗan mai aikin riga," ya ce, "ina aikin?"

Yaya ya ɗago kai ya nemo ni ta saman kawunan mutane. Ban taimake shi da komai ba, ba ni da abin da zan taimake shi da shi. Na juya na ci gaba da zuba wa mata ruwan zamzam a ƙananan kofuna.